Amfani da Hoton Eksire Wajen Gano Cututtukan Yara da Tawayar Halitta

Gabatarwa

Idan aka kai yaro asibiti, likita ya duba shi ya ce a je a yi masa hoto, galibi hankalin iyaye yakan ɗan kwanta. Dalili kuwa shi ne, a zaton yawancin mutane hoto ba ya ƙarya, duk abin da ya ɓuya a cikin jiki zai bayyana a kansa kamar yadda fuska take bayyana a madubi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa al'amarin bai kai haka sauƙi ba. Abin da eksire yake ɗaukowa inuwa ce, inuwar jikin yaro kuwa ta bambanta da ta babba, har ma ta jaririn wata uku ta bambanta da ta ɗan shekara uku. Wanda bai san kamannin lafiyayyen yaro a hoto ba yana iya ɗaukar lafiya a matsayin cuta, kuma an taɓa yin haka, yara da dama suka cutu. Za a fara da bayanin yadda hoton yake samuwa, sa'an nan a dubi abin da yake iya nunawa a ƙashin yaro da cikinsa da ƙirjinsa, da kuma wuraren da yake gazawa.

Asalin hoton da yadda yake samuwa

Ranar 8 ga watan Nuwamba na 1895, wani malamin kimiyya mai suna Wilhelm Rontgen, na Jami'ar Wurzburg a ƙasar Jamus, yana cikin gwaji da wata kwalba da aka zuƙe iskarta ana ratsa ta da wutar lantarki. Ya lulluɓe kwalbar da baƙar takarda mai kauri, amma duk da haka sai ya ga wani allo da aka shafe da sinadari yana ƙyalli can gefe. Nan ya gane akwai wani irin haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa takarda da katako da naman jiki. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya laƙaba masa harafin X, watau harafin da masu lissafi suke ba abin da ba a sani ba. Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa suka fito tare da zoben da ke yatsarta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks.

Yadda abin yake kuwa shi ne, ana harba hasken daga gefe guda, ya ratsa jiki, ya sauka a kan faifan da ke ɗaya gefen. Iska ba ta tare shi, saboda haka duk inda take yakan fito baƙi. Ƙashi yana tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, sai ya fito fari, ƙarfe kuwa ya fi ƙashi fari. Tsakanin waɗannan akwai kitse da tsoka, masu fitowa ruwan toka. To, a nan gizo yake saƙa, domin tsoka da jini da ruwa da mugunya duk launinsu ɗaya ne a hoto. Ba a iya ganin wata gaɓa sai idan ta yi iyaka da abin da ya bambanta da ita. Ana ganin zuciya ne domin huhu mai cike da iska ya kewaye ta. Da zarar sashen huhun da ke jikinta ya cika da mugunya, sai gefenta ya ɓace, kamar farar akuya a gindin farin bango, kuma da wannan ɓacewar likita yake gane inda ciwon yake.

Ƙashin yaro

Littafi na farko da aka rubuta da Ingilishi a kan binciken yara da eksire ya fito a 1910, daga hannun Thomas Morgan Rotch, shehun malami a fannin lafiyar yara a Jami'ar Harvard ta Amurka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wuyan hannu, kuma da dalili. Yawancin ƙasusuwan ɗan Adam suna farawa ne a matsayin guringuntsi, sa'an nan su yi tauri sannu a hankali, guringuntsi kuwa launinsa ɗaya da tsoka. Saboda haka idan aka ɗauki hoton hannun jariri sabon haihuwa, sai a ga wuyan hannun wayam, alhali ƙananan ƙasusuwa takwas ɗin nan duk suna nan, ba su dai yi tauri ba ne. Biyu sukan bayyana cikin watannin farko, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe sai wajen shekara goma. Da wannan jeri ake auna abin da ake kira shekarun ƙashi, a gane ko girman yaro ya yi jinkiri ko ya yi gaggawa. Kundin hotunan da aka fi gwadawa da shi, na William Greulich da Idell Pyle, ya fito a 1950, kuma an tattara shi ne daga 'ya'yan Turawa masu hali na birnin Cleveland a shekarun 1930. Lalle ne mai gwada hannun yaron Afirka da wannan kundi ya riƙa tuna haka. (Masu sha'awar ƙwallo za su tuna cewa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, wuyan hannun 'yan wasa aka riƙa dubawa don tantance shekaru, sai dai da na'urar maganaɗisu aka yi, wadda ba ta amfani da hasken eksire.)

Haka kuma kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani layi na guringuntsi inda ƙashin yake ƙara tsawo. A hoto yakan fito kamar baƙin tsagi, wanda bai saba ba sai ya ce karaya ce. Abin da ya fi wannan muni shi ne karaya ta gaske ta bi ta kan layin a ɗauka ba kome, alhali idan layin ya lalace hannu ko ƙafa na iya gajarcewa ko karkacewa. Gwiwar hannu ta fi ko'ina rikitarwa, domin tana da wurare shida da suke yin tauri a lokuta dabam-dabam, daga wajen shekara ɗaya zuwa wajen goma sha ɗaya. Ban da haka ƙashin yaro yana da danshi, yakan tanƙwara ya tsage ta gefe ɗaya kamar ɗanyen reshe, maimakon ya rabu biyu.

Gurɗewar ƙugu, wadda ake haifar wasu jarirai da ita, misali ce ta inda eksire yake gazawa ɗungum. Kan ƙashin cinya ba ya fara tauri sai wajen wata huɗu zuwa shida, kafin nan babu abin gani. Don haka tun da Reinhard Graf na ƙasar Ostiriya ya nuna hanya a 1980, da na'urar sikanin ake duba ƙugun jariri, wadda sauti take amfani da shi.

Ƙashin da ya karye yakan fara tara sabon ƙashi a bakin raunin cikin mako ɗaya zuwa biyu, wannan kuwa yana ba likita damar ƙiyasta lokacin da aka ji raunin. A 1946 John Caffey, likitan asibitin jarirai na birnin Niyok, ya ba da labarin jarirai shida da jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansu, kuma hoto ya nuna karaya da yawa a ƙasusuwansu, wasu sababbi wasu sun fara warkewa, ba tare da iyaye sun ambaci wani haɗari ba. A 1962 Henry Kempe da abokan aikinsa suka fito fili suka ce dukan manya ne yake jawo irin wannan. Jaririn da bai iya magana ba, ƙashinsa ya ba da shaida. Amma ko a nan akwai bukatar hattara, domin akwai cutar gado mai sa ƙashi gautsi, akwai kuma karayar da ake samu wajen haihuwa mai wuya.

Kuskuren taimus

A bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya, akwai wata 'yar tsoka da likitoci suke kira taimus, wadda aikinta shi ne horar da wasu ƙwayoyin jini masu kare jiki. A jariri babba ce ƙwarai, idan aka balaga sai ta riƙa motsewa, kuma yunwa ko doguwar jinya suna motsar da ita nan da nan. Masu fiɗar gawa na Turai a ƙarni na 19 galibi gawar 'ya'yan matalauta suke samu, waɗanda suka mutu bayan sun daɗe suna jinya, saboda haka suka ɗauka ƙaramar taimus ita ce ta lafiya. Da suka buɗe gawar jariran da suka mutu farat ɗaya cikin barci suka tarar da ita cike, sai suka ce ita ce ta shaƙe su. A 1889 Arnold Paltauf na birnin Biyana ya ba wannan cuta suna, cutar da babu ita.

Da eksire ya zo, sai ga inuwar taimus ɓaro-ɓaro a ƙirjin lafiyayyun jarirai, wani lokaci mai kusurwa uku a gefen zuciya. A 1907 Alfred Friedlander na Cincinnati ya gwada haska ta da eksire mai ƙarfi, ta kuwa motse cikin 'yan kwanaki, aka ce an sami magani. Daga nan har cikin shekarun 1950 an haska dubban jarirai, musamman a Amurka, ko da yake tun 1931 wani kwamitin bincike a Ingila ya ce bai ga hujjar wanzuwar cutar ba, Caffey ma ya soki al'adar a littafinsa na 1945. A 1950 wasu likitoci biyu na Niyok, Duffy da Fitzgerald, suka duba yara 28 masu sankarar wuya, a gaɓar nan da take kumbura ta zama maƙoƙo, suka tarar kimanin sulusinsu an haska musu taimus suna jarirai. Binciken da aka yi a Rochester a 1955, inda aka gwada yaran da aka haska da 'yan uwansu da ba a haska ba, ya tabbatar da zargin. Hoton bai yi ƙarya ba, taimus ɗin babba ce da gaske, masu karatunsa ne ba su san cewa haka Allah ya halicce ta ba.

Iska a cikin jariri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kimanin 240,000 suke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda tawayar da aka haife su da ita. Wani kaso na wannan tawaya a hanyar abinci yake, kuma a nan ne eksire ya fi nuna gwanintarsa, da taimakon abin da ba a saye da kuɗi, watau iska. Ɗan tayi ba ya haɗiyar iska. Da kukan farko jariri yake fara haɗiyarta, cikin 'yan mintuna ta isa tumbi, cikin 'yan sa'o'i ta cika ƙaramin hanji, kafin kwana guda ta kai dubura. Duk inda aka ga ta tsaya, to, nan hanya ta toshe.

Alal misali, akwai jaririn da ake haifa hanyar abincinsa ba ta haɗu da tumbi ba, ta tsaya a ƙirji kamar aljihu. Ana samun haka a wajen haihuwa ɗaya cikin 2,500 zuwa 4,500. Alamarsa ita ce kumfar miyau da ba ta yankewa, da ƙwarewa da zarar ya kama nono. Likita yakan zura siririyar roba ta baki, ta cije a wajen santimita goma, hoto ya nuna ta a tsaye ko a naɗe a cikin aljihun. Sa'an nan a dubi ciki: idan akwai iska a tumbi, ashe guntun hanyar na ƙasa ya haɗu da hanyar numfashi ke nan, wannan kuwa shi ne nau'in da ya fi yawa, kimanin kashi 85 cikin ɗari. Hoto ɗaya ya amsa tambaya biyu. Kafin 1941, lokacin da Cameron Haight na jihar Mishigan ya fara cin nasarar ɗinke hanyar, kusan duk irin waɗannan jarirai mutuwa suke yi.

Idan toshewar tana gaba kaɗan da tumbi, sai a ga ƙwallon iska biyu a saman ciki, babba da ƙarami, ƙasa kuwa babu kome. Kusan sulusin masu wannan tawaya suna tare da larurar nan ta Down, saboda haka ganin ƙwallon biyu yakan sa a duba zuciya ma. Idan kuwa tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne yake da ɓula, sai a ga hanji da iskarsa a inda huhu ya kamata ya kasance, galibi ta hagu, ya tura zuciya dama.

Jaririn da aka haifa ba dubura, ido ma ya isa ya gane shi. Tambayar mai tiyata ita ce, ina hanjin ya tsaya, kusa da fata ko can sama? A 1930 Owen Wangensteen da Carl Rice suka kawo dabarar riƙe jariri kai ƙasa na 'yan mintuna don iska ta hau ƙarshen hanji, a manna ɗan ƙarfe a gurbin duburar, a auna tazarar. Yanzu an fi kifa shi rubda-ciki a ɗaga ƙugunsa, domin juya jariri kai ƙasa yana iya sa amai ya shiga huhu. Ko ta wace hanya, sai an jira wajen kwana guda, in ba haka ba iskar ba ta ƙarasa ba, hoton ya nuna tazarar da ta wuce gaskiya.

Cutar da Harald Hirschsprung na ƙasar Denmak ya bayyana a 1886 ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin labarinta ya yi kama da na taimus. Yaro ne ba ya iya kashi tun haihuwa, cikinsa ya yi tulu, babban hanjinsa ya buɗe ya yi kauri. Shekara sittin likitoci suna ɗora laifi a kan sashen da ya kumbura, har suna yanke shi, ciwon yana dawowa. A wajen 1948 Orvar Swenson, mai tiyata a Boston, tare da Edward Neuhauser mai karanta hoto, suka ɗura farin ruwan bariyam ta dubura suka lura da wani ɗan siririn sashe a ƙasan kumburin, wanda ba ya motsi. Shi ne marar lafiyar, domin ba shi da ƙwayoyin jijiyar da suke sa hanji ya tura abin da ke cikinsa, na saman kuwa ya kumbura ne don faman turawa. Har yau hoto zato kawai yake bayarwa, tabbaci sai an gutsuri naman wurin an duba a madubin likita.

Akwai kuma inda iska ba ta faɗin gaskiya. Idan hanji bai zauna daidai ba tun a ciki, yana iya murɗewa ya shaƙe jijiyar jininsa, ya mutu cikin sa'o'i kaɗan, alhali hoton farko bai nuna wani abin tsoro ba. Sai an ba jaririn ruwan da ke fitowa fari a hoto an bi tafiyarsa. Wannan ya sa likitocin yara ba sa wasa da koren amai a jariri. A karkarar ƙasar Hausa, inda yawancin haihuwa a gida ake yi, mai fara ganin waɗannan alamu ungozoma ce ko kaka: koren amai, kumfar miyau, rashin baƙin kashin nan na farko har kwana biyu, kumburin ciki. Babu ɗayansu da ya kamata ya jira ranar suna.

Laushin ƙashi da binciken Jos

Ciwon laushin ƙashi, wanda likitoci suke kira rikets, shi ne yake sa ƙafar yaro ta yi baka ko gwame, wuyan hannunsa ya yi kauri. A hoto layin girma yakan yi faɗi, bakin ƙashin ya lotsa kamar ƙoƙo, gefensa ya yi geza kamar bakin tsohuwar tabarma. Idan magani ya kama, sai wani farin layi ya bayyana a wurin cikin 'yan makonni. Da irin wannan hoto ne Kurt Huldschinsky ya nuna a Balin a 1919 cewa hasken wata fitila mai kama da na rana yana warkar da ciwon, daga baya aka gane bitamin D ne fata take haɗawa. Daga nan littattafai suka tsaya a kan cewa rikets ciwon ƙasashen da ba su da rana ne. To, me ya kawo shi Nijeriya?

Amsar ta fito daga Jos. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da yara 123 masu wannan ciwo. Sun raba su gida uku, wasu aka ba su bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyu, har mako 24, ana bin su da gwajin jini da hoto. Kashi 61 cikin ɗari na masu shan kalsiyam da kashi 58 na masu shan duka biyu suka kai mizanin warkewa, na bitamin D kaɗai kuwa kashi 19. Abincin yaran, wanda yawancinsa hatsi ne ba madara, bai ba su fiye da wajen miligiram 200 na kalsiyam a rana ba. Ma'aunin maki goma da suka tsara don kimanta tsananin ciwon, huɗu a wuyan hannu shida a gwiwa, yanzu ana aiki da shi a ƙasashe da yawa. Sai dai ba duk baka ce cuta ba. Yawancin yara ƙafarsu takan ɗan yi baka kafin shekara biyu, ta ɗan yi gwame wajen shekara uku zuwa huɗu, sa'an nan ta miƙe da kanta.

Gubar dalma ma takan bar farin layi mai kauri a bakin ƙashi, amma lafiyayyen yaro ma yana iya nuna makamancinsa. A bala'in Zamfara na 2010, inda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya hallaka yara kimanin 400, da gwajin jini aka gano cutar. Haka yake ga mai amosanin jini da hannu ko ƙafa suka kumbura: hoto ba ya nuna kome a mako na farko, daga baya ma da wuya ya bambance toshewar jini da ƙwayar cuta a ƙashi.

Ƙirji

Hoton ƙirji shi ne aka fi yi wa yara, shi ne kuma ya fi saurin ɓaci. Babba akan ce masa ya ja numfashi ya riƙe, jariri kuwa sai mai ɗauka ya yi dako ya dace da lokacin da ya ja iska. Idan aka ɗauka yana fitar da numfashi, huhu ya yi fari kamar mai namoniya, zuciya ta yi girma kamar mai ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora gane namoniya a kan ƙirga numfashi, 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, da kuma lotsawar ƙasan ƙirji. Wani gwaji da aka yi da yara 522 a birnin Kef na Afirka ta Kudu, aka buga a 1998, ya nuna cewa yi wa yaron da ba a kwantar ba hoto bai gaggauta warkewarsa ba, ya dai ƙara yawan maganin da ake rubutawa. Inda hoton yake da amfani sosai shi ne ciwon da ya yi tsanani ko ya ƙi jin magani, da kuma tarin tibi, tun da ƙaramin yaro ba ya iya kakaro majina a gwada. Tawayar zuciya kuwa, ko da yake wasu nau'o'inta suna ba zuciya siffar takalmi ko ta ƙwai, yanzu sikanin ne yake yanke hukunci.

Yara suna haɗiyar abubuwa. Kwabo yakan fito fari fat. Ƙaramin batirin agogo yana kama da kwabo, sai dai yana da zobe biyu a gefensa, kuma dole a lura da wannan, domin idan ya maƙale a hanyar abinci yana ƙona ta cikin sa'a biyu. Gyaɗa kuwa, wadda tana cikin abubuwan da suka fi faɗawa hanyar numfashin ƙananan yara, ba ta fitowa ko kaɗan. Aikinta ake gani: iska tana shiga ta gefenta amma ba ta iya fita, sai huhun ɓangaren ya cika ya fi ɗan uwansa baƙi. Wani lokaci ko wannan ba a gani, maganar uwa cewa yaro ya ƙware yana cin gyaɗa ita ce hujjar zura madubi.

Haɗarin hasken

Hasken eksire yana iya lalata ƙwayar halitta, yaro kuwa ya fi babba rauni a nan, domin ƙwayoyinsa suna cikin rarrabuwa, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da ɓarnar za ta iya bayyana. A 1956 Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta nuna cewa yaran da aka yi wa iyayensu mata hoto suna ciki sun fi sauran mutuwa da sankara. Likitoci da yawa suka ƙi yarda, aka ɗauki shekaru kafin al'adar ta mutu, abin da ya taimaka kuwa shi ne sikanin, wanda Ian Donald na Glasgow ya gabatar a 1958.

Ya kamata a auna abin da ma'auninsa, don kada tsoro ya hana yaro hoton da yake bukata. Kowane mutum yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama, hoton ƙirji guda kuwa bai wuce rabon 'yan kwanaki ba. Na'urar siti, wadda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a Landan a 1971, ita ce mai nauyi, domin tana kewaya jiki tana ɗaukar hotuna masu yawa, sitin kai ɗaya yana kusan rabon shekara. Binciken da aka buga a Ingila a 2012, kan yara da matasa kusan 180,000, ya ƙiyasta cewa cikin kowane sitin kai 10,000 da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara goma za a sami ƙarin sankarar jini ɗaya da ƙarin ƙari ɗaya a ƙwaƙwalwa cikin shekara goma. Ga yaron da ya faɗo daga bisa ya suma, wannan haɗari ƙarami ne. Ga wanda ya ɗan buga goshi yana wasansa, babu dalilin ɗaukarsa.

Ƙa'idar aiki a yau ita ce a rage ƙarfin na'ura daidai da jikin yaro, a taƙaita hasken a wurin da ake nema, a kuma riƙe shi da kyau don kada a maimaita. Shimfiɗa dalma a kan marar yaro, wadda aka yi shekaru ana yi, ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ta ba da shawarar a daina ta a 2019, domin sau da yawa takan rufe abin da ake son gani har a sake ɗauka, kuma ba ta tare hasken da ke warwatsuwa a cikin jiki. Wadda har yanzu ake sa wa rigar dalma ita ce uwar da za ta riƙe yaron, bayan an tambaye ta ko tana da juna biyu.